Ni Na Gusar Da Turakun Nasara, Maƙwabcina Aka Ɗaure

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Ku sakaya sunana. Karatuna bai wuce na allo ba, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri, kuma don Allah kada ku zage ni sai kun ji ƙarshe.

Muna zaune bakin wata ƙorama cikin duwatsun Abzin, noman garka muke yi. Mijina yana can wajen rijiyar Arlit, yana ja wa Nasara masu neman dutsen ma'adini raƙuma. Bayan damina wasu Nasara biyu suka zo da tafinta, wai za a datse ƙoramar a mashigin dutse, ruwa ya taru ya juya inji ya ba da kuran, wutar nan da ba ta hayaƙi. Dariya muka yi, ƙoramar da ba ta gudu sai da damina? Su kuwa suka yi ta leƙe cikin wani abu mai ƙafa uku, suna kafa turaku masu jan kai a jikin gangare. Na tambayi tafinta, ya ce, "Baiwar Allah, duk abin da ke ƙasan turke ruwa zai ci."

Ƙasan turakun nan kabarin ɗana na fari yake. Watansa biyar a duniya. Duwatsu ne ƴan ƙanana gindin bagaruwa, kullum in na kai awaki sai na duba ko sun gushe. Yaya zan bari ruwa ya kwanta masa a kai? Yaron da ko wanka ba ya so?

Wata rana da rana tsaka, kowa yana inuwa, na goya ƴata na kora awaki can. Turke bakwai na tumɓuke, na sauko da su ƙasa da kabarin, na buga da dutse, na share sawuna da reshe. Ni a wautata na ɗauka turke ruwa yake bi. Ashe komai yana cikin takardarsu! Kallo ɗaya Nasaran ya yi ya gane. Abin da ban lura ba, sabon layin da na yi ya fitar da gefen garkar maƙwabcinmu Malam Gissa. Suka ce to ga mai laifi. Gumiye, dogaran kumandan mai mulkin ƙasar, suka ɗaure shi bayan raƙumi zuwa kaso a Agadas. Ina tsaye da tulu a kai ina kallo. Mutumin da shi ya haƙa kabarin nan da hannunsa!

Wata biyu ke nan. Sansa mai jan ruwa yana tsaye bakin rijiya ba mai kora shi, alkamarsa ta bushe. Matarsa Tanna, wadda ta yi mini wankan jego, ta bi ayari ta gano shi. Da ta dawo na kai mata fura. Na ce, "Yaya, ya kika baro shi?" Ta ce, "Tari yake. Ya ce in gaya miki ranar da aka taɓa turakun yana saman dabino." Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Ta ce, "Riƙe da kyau, ƙanwata. Ya ce mai goyo ba ta shiga kaso, ki ja bakinki." Na ce, "Ke fa?" Ta ɗauki ludayi ta ce, "Ni saƙo aka ba ni."

Tun ranar tana amsa gaisuwata, amma ba ta duban fuskata.

In na je gaban kumandan, wa zai shayar da ƴata? Mijina bai san komai ba, kuma a hannun Nasara yake ci. In na yi shiru tarin nan ya kashe Malam Gissa, da wane ido zan dubi ƴaƴansa? Shi ya yafe mini shirun da na yi, amma Tanna ba ta ce ta yafe ba. Jama'a, ku dubi Allah, me zan yi?