Kwaɗon Zogalen Rukayya

Daren Laraba, kwana biyu da Babbar Sallah. Unguwar Kanawa.

Bayana ciwo yake, amma ba shi ya hana ni barci ba.

Tun jiya na jiƙa shinkafa na kai niƙa, asuba ta same ni a gaban tanda ina suyar waina. Miyar taushen har kan rago na sa mata. Duk don Yaya Sani, da yake tasowa daga Kinkinau kowace Sallah saboda wainata.

Rukayya matar ɗana Auta kuwa sai da hantsi ta zaga bayan gida, ta tsinko sabon zogalen da ruwan nan ya fito da shi, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir. Ko gumi ba ta yi ba.

Yaya ya ci waina ɗaya ya ture kwanon. "Hajara, duk gidan da na shiga maiƙo ne, cikina ya gaji." Ya jawo kwaɗon ya share, sannan ya ce mata, "'Yar nan, in da saura a ƙulla mini in kai wa uwargidana Hajiya."

Ni na ƙulla masa da hannuna, ina sa wa Rukayya albarka. Allah Ya sani albarkar a leɓe ta tsaya.

Bayan isha'i na ɗanɗana ɗan abin da ya rage, ko gishiri ya yi yawa. Bai yi ba.

Yarinyar nan ba ta yi mini komai ba, ita ma ta wanke tandar. Ɗazu a addu'ar kwanciya, da na zo neman tsari daga sharrin mai hassada, sai na tsaya ban ƙarasa ba. Yau a cikin ɗakina yake, kuma ni kaɗai ce a ɗakin.