Layar Gwaggo Mero

Lyon, 6 ga Agusta 1985

Zuwa ga Kawu Chaibou a Sevran,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Biba da ciwon gwiwarka. Mu nan unguwar Guillotière sai godiya.

'Yar bindigar nan, pistole ɗin da ka tsinto mini a kasuwar tsofaffin kaya ta iso. Kai, Kawu! Ta girme ka, amma ta fi ka haƙora. Na goge ta, gangar harsashinta na juyawa sumul, na jera ta da 'yan uwanta a akwati. Sai dai harsasan da suka zo da ita matattu ne. Na kai su wurin harbi ran Lahadi, ko tari ba su yi ba.

To ga labari. Taubashina Saley, ɗan Gwaggo Mero, ya sauka daga Tahoua da laya a damtse, wai maganin bindiga ne uwarshi ta karɓo mishi don an ce Faransa ƙasar 'yan fashi ce. Na ce, "Bawana, ko a gida ba a yarda da magani sai an gwada shi a kan dabba." Muka ɗaura wa zakara layar a ƙarƙashin butikin Alhaji, maigidan da nake wa tsaron kanti. Na zuba matattun harsasan nan, na yi ta jan kunama, ƙas, ƙas. Zakara na kallona. Saley ya faɗi yana kabbara! Na ba shi bindigar da harsasan na ce ya riƙe shaida.

Gobe zai hau jirgin Paris. Don Allah kar ka tona ni, bar shi ya taka ƙasa kamar zaki.

Ɗanka mara ji,
Illo

Sevran, 13 ga Agusta

Illo,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Muna lafiya. Ban yi dariya ba.

Shekara nawa kana tara ƙarafan nan ba ka san halinsu ba? Irin wannan ƙaramin harsashi wutarsa a gefen gindi take, zagaye da baki. In ya tsufa, wani wuri ya mutu, wani na nan da rai. Ka cire shi ka mayar, ya ɗan juya, ƙarfe ya sari sabon wuri, sai ya tashi. A soja na ga wanda ya rasa ido a haka.

Saley bai sauka wurina ba, yana fwaye na Montreuil, gidan kwanan 'yan ci-rani, cikin mutanen Tahoua. Na je na same shi ya baje harsasan a kan gado yana nuna wa mutane tabon da ke gindinsu. Na yi masa bayani. Ya durƙusa da ladabi ya ce, "Kawu, har kai Illo ya saka cikin wasanshi?" Na nemi bindigar, ya ce ya ba wani ajiya. Ya yi wa 'yan ɗakinsu alkawarin ran Babbar Sallah zai gwada a jikinsa.

In na kira polis, rabin ɗakin nan ba su da takardu. Kai ka ƙulla, kai zai ji. Ka rubuta masa yau.

Kawunka,
Chaibou

Lyon, 17 ga Agusta

Saley,

Sallama da gaisuwa. Yaya baƙunta, yaya Paris? An ce ka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka yi wa kowa sannu ɗaya bayan ɗaya, baƙauye.

A'a, bar wannan. Hannuna ne ya saba. Ka saurare ni.

Ranar zakara ƙarya na yi maka. Na riga na gwada harsasan nan, na san ba su tashi. Ko tsumma na ɗaura wa zakaran haka za a yi. Ba layar ba ce. Kuma Kawu ya ce suna iya tashi yanzu tun da ka cire su ka mayar.

Na kira telefon ɗin fwaye shekaranjiya, kana jin muryata ka fashe da dariya ka aje. Saley, na rantse da Alƙur'anin da muka karanta a zaure ɗaya, wannan ba wasan taubashi ba ne. Ka zuba su a ruwa. Bindigar ka riƙe, na bar maka, har da mai ƙotar ƙashi da ka yaba.

Alhaji ya hana ni motsi sai an gama cinikin Sallah. Da asubar Sallah zan hau jirgi. Kar ka yi komi sai na zo. Ka ji ko?

Ɗan uwanka,
Illo

Montreuil, 21 ga Agusta

Ubangidana na ƙarya,

Ina gaisuwa. Hassoumi, maƙwabcin gadona, shi ke rubuta mini.

Da Alƙur'anin nan ka rantse ranar da ka ce mini dusar ƙanƙara gishirin Nasara ce. Na san ka. Ka ga magani ya ci, kana so in yar ka ɗauka. Da idona na gani, Illo. Kuma uwata ba ta yi mini ƙarya.

Ka zo da Sallah, akwai nama. Ka taho da zakaran in ba ku cinye shi ba, abokina ne.

Naka,
Saley

Sevran, 26 ga Agusta

Illo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na aiko wannan ta hannun direban Alhaji don kar ka ji a bakin wani.

Saley bai jira Sallah ba. Jiya bayan la'asar aka taso shi da tsiya a ɗakin girki, wai maganin zakara ne ba na mutum ba. Ya tuɓe riga, ya miƙa wa Hassoumi bindigar. Ta ƙi, ta ƙi, mutane na tafa hannu, sannan ta tashi. A ƙarƙashin haƙarƙari. Ya cika kafin a kai lopital. Hassoumi na hannun polis, kuma za su nemi mai bindigar.

Mero ba ta karatu. Dattawan fwaye sun ce a yi mata kaset, Daouda mai tafiya Niamey ran Juma'a ya kai. Sun ce kai za ka yi maganar, kai ne jininta.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.
Chaibou

Lyon, 28 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kai kaina wurin polis na nan, na ce tawa ce, na miƙa musu akwatin duka. Ka gaya wa Hassoumi.

Kaset ɗin na cikin rakoda. Na yi sallama, na ce, "Gwaggo, Illo ne." Nan na tsaya. Kawu, za ta tara maƙwabta a tsakar gida, kuma da ta ji muryata za ta fara dariya tun ban ce komi ba.

Zan yi. Ka roƙi Daouda ya zauna kusa da ita.

Illo