Dutsen da Ka Aza wa Kaka

Zuwa ga yayana Abdoulkadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a ramukan haƙar ma'adinai na Angola. Mu nan Babankatami lafiya lau. Ƙafar Inna Delu ta yi sauƙi, gero ya yi kyau, dawa ce dai ta sha ƙishi.

Sakamakon gwajin farko ya fito. Ma'aikatan wani kamfani da suka ɗebi duwatsu a tudun bayan gidanmu sun ce ɗaya daga ciki karbonatit ne, dutsen da ya taso a narke daga cikin ƙasa, mai ɗauke da ma'adinan nan masu wuyar samu da ake sa wa wayoyi da injuna. In suka gamsu, za su haƙa tudun, kushewar kakanmu Ɗangana kuwa tana tsakiyarsa.

Na tambaye su inda suka tsince shi, Yaya, suka nuna mini tarin duwatsun kushewar. Ba su san al'adar gidanmu ba, cewa duk wanda ya dawo daga tafiya yakan zo da dutsen ƙasar da ya je, ya aza wa kaka. Wanda suka ɗauka fari ne mai ratsin ja. Inna ta rantse shi ne ka kawo zuwanka na ƙarshe, ta ce har faɗa ta yi maka, wai ƴaƴan mutane na kawo turmin zane, nata ya ciko jaka da dutse.

Na faɗa wa Maigari, ya ce zato ba shaida ba ne. Ɗan baffanmu Mu'awiya kuwa cewa ya yi in ja bakina, wai mu ƴan jarida ba ma ganin tuwo gaban mutum ba mu watsa masa ƙasa ba. Ya ce matattu sun ci nasu, shi ya gaji da cin rani, yana sa ran samun aiki in an fara haƙar. Ban ga laifinsa ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. In aka tone kaka saboda dutsen Angola, ba aikin, ba kushewar.

Don Allah ka aiko mini da saƙon murya, ka faɗi inda ka tsinci dutsen da kamanninsa, in kai wa injiniyan kamfanin.

Inna da Baba Bawa da Rukaiya da yara suna gaishe ka. Injiniyan ya ce zai sake ɗibar dutse daga gindin tudun kafin su kawo injin haƙa. Har yanzu bai sa rana ba.

Ƙanwarka,
Nasiba