Godiyar da Ta Fito a Juye

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kawu, ruwa ya ƙare wa ɗan kada! Mai gonar kaji ya ba ni aikin haɗa allon lantarki na injin ƙyanƙyasarsa, ya ce in na kasa zai nemi wani. Aikina na farko ke nan. Na buga zanen wayoyin da firintar maƙwabcinmu, na kifa a farantin jan ƙarfe, na danna dutsen guga har hannuna ya yi jawur. Ko ɗigon tawada bai kama farantin ba. Wace irin firinta ake so?

Ɗiyarka

Sarkin Gaggawa,

Ƙafa da sauƙi. Wato shekarun da kika yi a shagona na gyaran rediyo, barci kika yi? Firintar maƙwabcinku ta tawadar ruwa ce, ko kwana za ki yi kina guga a banza. Mai leza ake so, wato mai bugawa da baƙar hoda, don hodarta ce ke narkewa da zafi ta manne wa ƙarfe. Ita ma sai wadda ke zuba hoda da kauri.

Direba zai kawo miki tsohuwar firintar marigayiya Antinki, ta shagonta na buga takardu. Tun rasuwarta ban yaye zanen da ta rufe ta da shi ba. Yau na yaye, na yi kukana. Ki samu takarda mai sheƙi, kuma ki juya zanen wayoyin kamar a madubi kafin ki buga. Kin ji ko? Ki juya!

Kawunki

Kawu,

Ta kama! Layuka baƙi ƙirin, ruwan asid da na tsoma farantin a ciki ya cinye sauran jan ƙarfen, amma bai ci ko layi ɗaya ba. Injin yana aiki, mai gona ya ƙara mini wani aikin. Wallahi ban san bakin da zan gode maka da shi ba. Allah ya jiƙan Anti.

Ga allo na biyu na aiko maka, na rubuta maka saƙo a gefensa da jan ƙarfe. Sai dai bayan na juya zanen ne na ƙara rubutun, ya fito a baibai. Kar ka yi mini dariya.

Ɗiyarka

Sarkin Gaggawa,

Na yi dariyar, har da tari. Sannan na ɗauko madubin Antinki na haska. "Mun gode, Kawu da Anti." Ya karantu sarai.

Kar ki dawo da firintar. Gara tana aiki.

Kawunki