Kebul Ɗin Gem Ɗina Ya Sa An Karya Wa Mai Amalanke Hannu

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, in da hali ka ɓoye har inuwata, domin in aka gane ni sai dai ku zo cin ƙosan sadakata. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta zuwa ƙarshe tukuna, na san akwai masu fara zagi tun daga sallama.

Ni ɗan lakol ne, wato ɗan makaranta, a Gazawa. Kawuna mai fatauci zuwa Katsina ya kawo mini wata tsohuwar na'urar gem irin wadda ake haɗawa da tele, ina jin ta girme ni, in ka kunna ta gurnani take kamar injin niƙa. Amma tana yin ƙwallo, ni da abokina Lawali muka buga har muka gaji da cin juna. Sai muka ji ana iya karawa da mutanen wasu garuruwa in an sa mata intanet. Matsalar ita ce baiwar Allahn nan ba ta kama wifi, ba ta ma ji labarin an ƙirƙiro shi ba, rami ɗaya ne a bayanta na kebul.

Wifi kuwa muna da shi, na yayana ne, Yaya Nura. Akwatin yana shagonsa na cajin salula a tsallaken lungunmu, rezon yana shigowa har tsakar gida. Yaya Nura mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa sauri, sai ya mare ka sannan ya tambaye ka me ka ce. Na taɓa roƙonsa kod ɗin wifin, amsar da ya ba ni ta daɗe tana kuka a kunnena na hagu.

Muka je wurin wani mai gyaran salula a kasuwa. Ya ce hanya biyu ce. Akwai wata 'yar na'ura da ke kamo wifi daga iska ta zuba shi cikin gajeren kebul zuwa gem ɗin, amma sai an saƙo ta daga Maraɗi, kuma dole a sa mata kod. Ko kuma a ja dogon kebul daga bayan akwatin kai tsaye, wannan ba ruwansa da kod. Ina jin "ba ruwansa da kod" na daina sauraren sauran bayanin, ina ganin bakinsa yana motsi yana cewa a binne shi a ƙasa cikin tiyo, na ce to Malam, na karɓi kebul shuɗi mai tsawo na yi gaba.

Ranar da Yaya ya tafi ɗaurin aure na zura kan kebul ɗin ta tagar bayan shago na soka a akwatin, na ɓoye shi bayan allon caji. Na hau bishiyar bedin da ke bakin lungu na ɗaure shi can sama, na tsallakar da shi kan katangarmu zuwa ɗakina. Da me na ɗaure? Da robar tayar keke mana, abin da kowa ke ɗaure komai da shi a garin nan, daga buhun gero har ƙafar kujerar mai unguwa. Ya yi aiki kuwa. Wani yaro da ban san ƙasarsu ba ya zuba mini ƙwallaye har na ji tausayin mai tsaron gidana, amma wallahi ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne rana tana cin roba. Ranar kasuwa bayan la'asar muna cikin wasa sai na'urar ta zabura daga kan tebur kamar an kira sunanta, muka ji ƙara a waje. Robar ce ta tsinke, kebul ya sauko daidai wuya, wani ɗan kabu-kabu mai suna Habu ya shigo lungun a guje, kebul ɗin ya kwashe shi. Na leƙa ta katanga na gan shi kwance, moto na can gefe tayarsa na juyawa, bakinsa jini. Kan da ke shago ya riga ya fizge ya fito da kansa. Ni kuma tsoro ya sa na zare nawa kan na wurga shi waje, Lawali ya haura katanga ta baya, rabona da ganin gudu irin nasa tun ranar da sa ya kwance a mahauta.

Ku da ba 'yan nan ba, ku sani a hanyoyinmu na bakin iyaka igiya a tsallake hanya ma'anarta ɗaya, ɓarayin moto. Haka suke kayar da mutum su ɗauke abin hawansa, kuma 'yan kabu-kabu sun daɗe da rantsuwa a kan duk wanda suka kama. To ana cikin ɗaga Habu sai ga Baba Tanko mai amalanke, dattijon da ke kawo wa innarmu itace daga ƙauyensu. Ya ga igiya mai kyau yashe a ƙasa, mutumin ƙauye kuwa ba ya wuce igiya, ya sauko yana naɗe ta a gwiwar hannu. A haka 'yan kabu-kabu suka iso suka same shi.

Daga nan ba abin dariya. Ba wanda ya tambaye shi komai. Wani da bel, wani da sarƙar moto, wani ya zaro itace daga amalanken nasa ya dake shi da shi. Yana ta cewa shi tsinta ya yi, suna cewa haka kowane ɓarawo ke faɗa. Na ji ƙarar hannunsa lokacin da ya kare kansa, har yanzu in ina cin abinci sai ƙarar ta dawo mini. Wanda ya fara ɗaga benci kuwa Yaya Nura ne, yana ihun a ƙofar shagonsa za a kafa tarko, bai san daga cikin shagon nasa tarkon ya fito ba. Liman da mai unguwa ne suka kwanta a kan tsohon kafin aka bari.

Yanzu Habu ya rasa haƙoran gaba, wuyansa da sawu kamar an yanka. Baba Tanko yana gidan mai ɗori. Jakinsa da amalankensa suna tasha, 'yan kabu-kabu sun riƙe, sun ce ba za su saki ba sai ya faɗi abokan aikinsa, in ba haka ba ranar kasuwa mai zuwa su miƙa shi ga jandarma. Kebul ɗin sun rataye shi a rumfarsu. Mai gyaran salula ya gan shi ya gane, ya tare ni ya ce, "Kai ɗan banza, ko ka faɗa da bakinka ko in faɗa da nawa, ba zan ɗauki alhakin tsoho ba."

Jiya Inna ta aike ni kai wa Baba Tanko fura, ita ta rantse ba ɓarawo ba ne. Ya karɓa da hannun hagu ya sa mini albarka, ya ce, "Ɗana, in ka bi ta tasha duba mini ko suna ba jakin nan ruwa." Na ce to, na fito. Lawali kuwa cewa ya yi shi bai taɓa sanina ba, ko a lakol gaisuwar nesa muke.

Na san dole a wanke tsohon nan, ba wannan nake tambaya ba. Ta wace ƙofa zan shiga in fito da raina? In na faɗa wa Yaya Nura, zai fara da ni kafin in kai ƙarshen magana, ga shi kuma shi ma za su ce da saninsa tunda daga akwatinsa kebul ya fito. In na faɗa wa babanmu, dukansa mai tsari ne, yana hutawa a tsakani, amma shi mutum ne da zai kama hannuna ya kai ni rumfar 'yan kabu-kabu da kansa, ni kuma na ga abin da suke yi kafin su saurara. Ko in wuce wurin liman in ɓuya a bayansa ya yi magana a madadina? Ko in kai kaina ga jandarma, aƙalla can akwai ƙofa mai kullewa?

Masu zagi bismillah, na ci. Amma in kun gama ku faɗa mini wa zan fara samu, kuma me zan fara cewa, domin ranar kasuwa ta matso, tsohon nan yana kwance da sunan ɓarawo, ni kuma ina yawo da hannuwana biyu lafiya lau.