Baitin da Aka Cire daga "Jira Ni a Gada"

Duluth, 6 ga Maris, 2023

Zuwa ga Gordy,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Renata da yara. Yaya zafin Tucson? Yaya kuma gwiwar da aka yi wa aiki? Mu nan lafiya lau, sai ƙanƙara da ta ƙi tafiya. Har yanzu babban tafkin garinmu fari fat yake.

Wasiƙarka ta zo ranar Talata tare da takardun. Na daɗe ina juya ambulan ɗin kafin in buɗe, don shekara ashirin da takwas rabona da rubutun hannunka, kuma bai gyaru ba ko kaɗan. Na gane abin da ake so. Wani kamfanin zoben aure zai sa waƙarmu "Jira Ni a Gada" a tallansa, kuma sai da sa hannunmu mu biyu. Amsata ita ce a'a.

Kada ka zaci na tsani waƙar. Jiya aka sa ta a kantin kayan abinci, na tsaya da kwalin madara a hannu har ta ƙare. Matar da ke karɓar kuɗi tana bin amshi. Ta ce, "Da ita aka yi rawar auren mamata da babana." Na ce, "Suna tare har yanzu?" Ta ce, "Ina! Tun ina firamare suka rabu." Na yi ta dariya har ta zaci ba ni da lafiya.

Da na koma mota sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Mama ya faɗo mini a rai. Ka tuna? Arlo ya cusa bargo cikin babbar ganga don kada maƙwabta su kira 'yan sanda, kai kana waƙa da safar hannu saboda sanyi, ni kuma gitata ta fi ni nauyi. Muka sa wa kanmu suna Kwalekwalen Haya don babu wanda ya kawo abin da ya fi shi. A lokacin burinmu duka rediyon ɗaliban jami'a ya sa mu sau ɗaya.

Tun da Arlo ya rasu, kai kaɗai ka rage da ya san abin da waƙar take nufi. Ba waƙar soyayya ba ce, Gordy. Babana ya hau jirgin ruwa mai dakon tama ina 'yar shekara tara, ya sauka a Cleveland, ya samu wata matar, bai dawo ba. Mama kuwa duk ranar Lahadi sai ta sa rigarta mai kyau ta tafi bakin gada ta tsaya kallon jirage suna shigowa. Shekara goma sha biyu tana haka. Haushi ya sa na rubuta waƙar. Uwata nake yi wa ba'a. Yanzu kuma a ce da ita za a sayar da zobe?

Ka gaishe da Renata. Ka huta lafiya.

Ni ce,
Marlys

Duluth, 2 ga Afrilu, 2023

Gordy, abokina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Na ji daɗin amsarka, na kuma yi baƙin cikin jin cewa muryarka ta tafi, ba ka iya hawa dandali. Ban sani ba. Da na sani da na sassauta harshe.

Ka rubuta cewa ba ka gane laifinka ba har yau. To bari in faɗa maka sau ɗaya mu huta. A baitina na ƙarshe matar ta tsufa a bakin gada, jirgi ya wuce, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Haka muka yi shekara biyu muna rera shi a mashaya, mutum talatin na saurare. Da muka je Los Angeles, mutumin kamfanin faifai ya ce, "Waƙa ta yi, amma wa zai sayi tsohuwa a bakin gada?" Na fita sayo mana abinci. Kafin in dawo ka rubuta sabon baiti, mijin ya sauko daga jirgi da hula a hannu, har an naɗa. Ka ce mini, "Marlys, gwaji ne kawai." Gwajin nan ne aka buga.

Ba zan ce bai yi aiki ba. Mako goma sha ɗaya waƙar tana kan gaba a bazarar 1994. Faifai ya wuce miliyan. Mun bar tsohuwar motarmu da ba ta da abin ɗumama ciki, mun koma babbar bas mai gadaje. Ina tuna ranar da muka fara jin ta a babban gidan rediyo, muna shan mai a Nebraska. Arlo ya hau kan mota yana ihu, "Mu ne! Mu ne!" Mai gidan man ya ce, "Ko ku su wane ne, ka sauko." Ranar na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma a Denver, da na ga mutum dubu goma sun rungumi juna suna rera baitinka, sai na ji kamar a gidan wasu nake. Na ajiye gita na hau jirgin sama.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da na iso gida, Mama ta tare ni a ƙofa ta rungume ni. Ta ce ta ji waƙar, kowa a coci ya san ita ce matar bakin gada. Na ga tana alfahari, sai na yi shiru. Shirun nan nake kai har yau. Na koyar da kiɗa a makaranta, na yi aure, na haihu, ban gyara maganar ba.

Yanzu shekararta tamanin da bakwai, tana gidan kula da tsofaffi. Idan tallan nan ya fito, 'yan jarida masu tambaya za su dawo, ni kuma na gaji da ƙarya. Ba na so ta ji daga bakin wani. Ranar Asabar zan je in faɗa mata da kaina. Tsoro nake ji, kamar ba mace mai jika ba.

Ka sa ni a addu'a, in har kana yi.

Taka,
Marlys

Duluth, 10 ga Afrilu, 2023

Gordy,

Ina gaisuwa. Da fatan ku duka kuna lafiya. Ƙanƙara ta fara narkewa, jiragen farko sun shigo.

Na je. Na kai mata burodin kirfa da take so, na same ta bakin taga tana wasan haɗa gutsattsarin hoto. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Ke, in mutuwa aka yi ki faɗa mini, in ba haka ba miƙo burodin."

Sai na faɗa mata komai. Na ce akwai wani baiti kafin na Gordy, kuma ba yabo ba ne. Na ce ina jin haushinta a lokacin, ina ganin ta zubar da kanta saboda mutumin da ko kati bai aiko ba. Na ba ta haƙuri. Ina magana ina kuka, ita tana cin burodi.

Da na gama ta ce, "Marlys, kurma kika ɗauke ni? Shekara biyu kuna buga abin nan a ƙarƙashin kicin ɗina. Cokula har rawa suke yi."

Na ce, "Mama, kin sani?"

Ta ce, "Ran da na fara ji sai da na zauna a ƙasa. Mako guda ban iya kallonki ba. Daga baya na ce, yarinyar nan dai ta iya."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce ita ma tana da nata. Shekara ɗaya kawai ta jira Baba. Bayan nan ko ya sauko da hula a hannu, da ta tura shi tafki. "To me kike zuwa yi?" in ji ni. Ta ce, "Ku huɗu ne, ga aikin wanki a asibiti kwana shida. In na ce zan je hutawa, wa zai bar ni? Amma in na ce zan je gada, kowa sai ya yi shiru, kakarku ta riƙe ku. Awa biyu, ni da kofina, babu mai kiran Mama. Su ne ranakun da na fi jin daɗi."

Gordy, shekara talatin ina ɗauke da tausayin matar da take shan iska.

Na so in rera mata baitin, sai na tarar layi na uku ya ɓace mini. Ita ta ƙarasa shi, da 'yar muryarta, ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Ta ce nawa ya fi naka, in kuma faɗa maka haka. Naka, in ji ta, na masu biki ne, kuma masu biki ma mutane ne. Da na kawo zancen talla ta ce, "Sa musu hannu. Duk wanda ya sayi zobe zai gano sauran da kansa."

Ga takardun nan a ciki, na sa hannu. Ba ni da sharaɗi, roƙo dai nake da shi. Ranar sha huɗu ga Yuni za ta cika tamanin da takwas, ta kuma riga ta faɗa wa duk tsofaffin gidan cewa Kwalekwalen Haya za su yi wasa a ɗakin cin abinci. Na ce mata muryarka ta tafi. Ta ce, "Da ma can ba wata murya gare shi ba. Ya zo ya riƙe gita, ni zan yi waƙar."

Akwai ɗaki a gidana, kai da Renata. Ka rubuto mini ranar da za ku sauka.

Ka huta lafiya. Ni ce abokiyarka tun daga ɗakin nan mai sanyi na gidan Mama,
Marlys Koskela