A Mansur Ana Ce Min Dakatora

Assalamu alaikum admin da 'yan gidan nan masu albarka. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa shekara yana cina ban faɗa wa kowa gaba ɗayansa ba.

Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Mansur muke zaune, amma iyayena 'yan Katsina ne masu iƙama, wato takardar izinin zama. Abbana tela ne, tun kafin a haife ni yake kan keke. Da na gama sakandare jami'ar nan ba ta samu ba, kun san yadda take ga 'ya'yan baƙi, sai wani ejan ya zo wa Abba da maganar karatun likita a Kirgizistan. Abu biyu suka ja hankalinsa, an ce ƙasar Musulmi ce, kuma da Turanci ake koyarwa. A haka na tafi, shekara shida.

Ban daɗe ba na gane Turancin a bakin ejan ya tsaya. Malami zai shigo ya karanta takarda kansa a sunkuye, in ka yi tambaya ya amsa da Rashanci ya wuce. Ban ce duk haka suke ba, akwai wata tsohuwa da ta san aikinta ƙwarai, amma albashinta ko takalmin sanyi ba ya saya mata, kafin mu shiga aji biyu ta ajiye aikin. Sauran malaman kuwa sun samo hanyarsu. Kowane ɗalibi yana da wani ɗan littafi, zachotka ake ce masa, a ciki malami yake rubuta maki ya sa hannu. Ranar jarrabawa shugaban aji zai tattara littattafan, a shirya wa malami tebur, kek, nama, furanni, da kwalbar giya a tsakiya. In tebur ya yi kyau littattafai su dawo da sa hannu, ba a tambayi kowa komai ba.

Ni dai na ce ba da ni ba, 'yar Makka guda in sayi giya? Na gaya wa Abba ana yi wa malamai kyauta a can, ban faɗi irinta ba, bawan Allah har daɗi ya ji, ya ce girmama malami wajibi ne. Da na zo hutu ya haɗa min Zamzam da dabinon Ajwa in kai. Malamin da na kai wa ya buɗe jarkar ya sansana, da ya ji ruwa ne sai ya miƙa wa mai shara ta zuba wa shukar da ke taga, ina tsaye. Sau uku mutumin nan ya kayar da ni a darasin da na fi kowa sani a ajin. A na huɗu na ba da kasona na tebur, littafina ya dawo da maki mafi girma. Daga ranar karatu ya fita daga raina, na daina wahalar da kaina. Wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba, ni na yi.

Asibiti kuma cincirindo za mu yi a bakin ƙofa muna leƙe, marasa lafiya ba sa son baƙi su taɓa su, mu kuma yarensu bai zauna mana ba. Na gama shekara shida ban taɓa sa wa mutum ƙarin ruwa ba, sai hannun roba na koyo.

Da na dawo Abba ya yanka rago, unguwa ta ɗauka, Dakatora, wato likita, ta dawo. Jarrabawar lasisi na zauna a ɓoye na faɗi warwas, na ce musu an ɗage ta. Ana cikin haka yayar Abba, Gwaggo Hajara, ta zo Umra ta sauka a unguwar Misfala, zazzaɓi ya kama ta. Abba ya ce ba wani mustashfa, wato asibiti, ga likita a gida, ya kai ni. Na ɗora abin awo a ƙirjinta, wallahi na ji wani sauti amma ban san mene ne ba, ga mata sun zuba min ido. Sai na ce gajiya ce, ta sha maganin zazzaɓi ta huta. Bayan kwana biyu aka kwashe ta ranga-ranga, ciwon huhu ne ya ci ƙarfinta, sati biyu tana kwance. Allah Ya tashi kafaɗarta. Abin da ya fi min ciwo ba wanda ya zarge ni, Gwaggo har addu'a ta yi min wai na tsaya a kanta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanwata Asma'u ta gama sakandare, ejan ɗin nan ya dawo, Abba ya amsa masa, makarantar da na yi dai, watan gobe. Na ce a canza mata ƙasa, ya tambaye ni dalili na kasa. Na samu Umma na fara ba ta labarin tebur, ban kai ƙarshe ba ta rufe ni da faɗa, wai baƙin ciki nake kada a samu likita ta biyu a gidan, kuma in na kuskura na kai wa Abba wannan maganar da hawan jininsa ba ta yafe ba. Asma'u ta ji mu, kwana biyar ke nan ba ta kula ni.

Jiya Abba ya kira ni shago yana murmushi, ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ke za ki raka ta, ki damƙa ta a hannun malamanki, tunda sun riƙe min ke amana."

Jama'a ya zan yi? In gaya masa idon da ya ƙarar a kan allura shekara shida takarda kawai ya saya, kuma 'yarsa ta sa hannu an sayi giya? Ko in yi shiru in kama hannun Asma'u in kai ta? Yarinyar nan ta fi ni kai, kuma da gaske take son zama likita, yadda nake so kafin in tafi. Don Allah ku gaya min gaskiya, ko zagi ne zan karanta.